2.3 Horo ta Intanet da Matsayin Shugabanci wajen Sauya Tsarin Aiki a Asibiti

A sashen da ya gabata an yi bayanin ma'anar horon ma'aikata da ire-irensa. A wannan sashe kuma za a duba tambayar da ta fi damun masu gudanar da asibitoci, wato ko darasin da ma'aikaci ya ɗauka ta kwamfuta ko ta wayar hannu ya isa ya sauya yadda yake aiki a kan majiyyaci. Domin amsa wannan tambaya an zaɓi misali guda, shi ne takardar tantance aikin tiyata wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2008.

Dalilin rungumar horo ta intanet a fili yake. Asibiti ba ya rufewa dare da rana, saboda haka da wuya a tara likitoci da ma'aikatan jinya a ɗaki guda a lokaci guda ba tare da an bar majiyyata ba mai kula. Darasin intanet kuwa kowa yana iya ɗaukarsa bayan ya tashi daga aiki, kuma hukuma tana ganin sunan wanda ya kammala. To amma kammala darasi daban, aiki da shi daban. Lewin (1947) ya kasa sauyi gida uku: a narkar da tsohuwar al'ada, a juya ta zuwa sabuwa, sannan a bar ta ta daskare a sabon kamanninta. Darasi yana taimakawa a mataki na biyu ne. Na farko da na uku aikin shugabanni ne.

2.3.1 Takardar Tantance Aikin Tiyata

Wannan takarda shafi ɗaya ce mai ɗauke da abubuwa 19 da ake so ma'aikatan ɗakin tiyata su tabbatar da su da baki, kowa yana ji. Ana tsayawa sau uku: kafin a sa majiyyaci barci, da kafin a fara yanka, da kuma kafin a fitar da shi daga ɗakin. Daga cikin abin da ake tambaya akwai sunan majiyyaci, da gurbin da za a yi wa aiki, da ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, da ko an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. A ƙarshe kuma a ƙirga allurai da auduga da kayan aiki, don kada a ɗinke mutum da wani abu a cikinsa. Har ila yau ana so kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara.

An gwada takardar a asibitoci takwas da ke Kanada, da Indiya, da Jodan, da Niyuzilan, da Filifin, da Tanzaniya, da Ingila, da Amurka, a ƙarƙashin jagorancin likitan tiyata Atul Gawande. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7. Ganin haka ƙasashe da dama suka yi rububin karɓar ta.

Abin lura a nan shi ne babu wani abu mai wuyar koyo a cikin takardar. Ɗalibin jinya zai iya haddace ta a zama ɗaya. Wuyar tana wajen cewa ita ma'aikaciyar jinya ce sau da yawa take karanta tambayoyin, ke nan dole ta dakatar da babban likita, wanda ya girme ta a muƙami da shekaru, ta ce masa a jira ba a gama ba. Idan likitan ya ɗaure fuska sau ɗaya ko biyu, to an gama. Gobe za ta cike gurabe da biro ita kaɗai bayan an kammala aiki, takarda ta cika, ba a tambayi kowa komai ba.

2.3.2 Ontariyo da Karolina ta Kudu

A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada gwamnati ce ta wajabta wa asibitoci su riƙa ba da rahoton amfani da takardar daga shekarar 2010. Asibitocin suka ba da rahoton cewa suna cike ta a kusan dukkan ayyuka. Da Urbach da abokan aikinsa suka bincika asibitoci 101, suka buga sakamako a 2014, sai aka ga mace-mace sun ragu daga kashi 0.71 zuwa kashi 0.65 ne kawai, bambancin da a ƙididdiga ba a iya dogaro da shi. Binciken ya kuma nuna cewa mafi yawan asibitocin sun ɗauki takardar yadda aka miƙo musu ita, ba su gyara ta ta dace da wurinsu ba.

A jihar Karolina ta Kudu ta Amurka kuwa wata hanya aka bi. Ƙungiyar asibitocin jihar ta haɗa kai da masana daga Jami'ar Harvard, aka gayyaci asibitoci su shiga don ra'ayin kansu. An yi amfani da intanet sosai, domin ta nan ake gudanar da tarurrukan ƙara wa juna sani. Sai dai ba a tsaya nan ba. An bukaci kowane asibiti ya kafa kwamiti da ya haɗa likitan tiyata, da likitan sa barci, da ma'aikatan jinya, da wakilin hukumar gudanarwa. Kwamitin ya gyara takardar, ya gwada ta da rukuni kaɗan, ya zauna da likitoci ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa shiga ɗakin tiyata ana kallon yadda ake yi ana gyarawa. Zama da likita shi kaɗai yana da hikima, domin babba ba ya son a yi masa gyara a gaban na ƙasa da shi, amma a keɓe yakan saurara. Ke nan taron intanet ya zama wurin karɓar aikin da za a je a yi, da kuma kawo rahoton inda aka sami cikas.

Asibitoci 14 ne suka kai ƙarshen shirin. Rahoton da Haynes da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna cewa a cikinsu mace-macen kwana 30 bayan tiyata sun sauko daga kashi 3.38 a 2010 zuwa kashi 2.84 a 2013. A sauran asibitoci 44 ba a sami raguwa ba.

Wajibi ne a yi hattara wajen fassara waɗannan alƙaluma. Asibitocin da suka kammala shirin su suka zaɓi kansu, don haka mai yiwuwa tun asali su ne masu shugabanni nagari da ma'aikata masu jituwa, ko ba takarda ma da sun ci gaba. Binciken Ontariyo shi ma watanni uku kafin da watanni uku bayan karɓar takardar kawai ya auna, wanda wasu masana suke ganin ya yi kaɗan a ce al'ada ta sauya. Bugu da ƙari, alƙaluman wuraren biyu ba a iya jera su kafaɗa da kafaɗa, tun da na Ontariyo sun haɗa da ƙananan ayyukan da ake sallamar majiyyaci a ranar, na Karolina ta Kudu kuwa na waɗanda aka kwantar ne.