Satar mota a Kanada: Abin da ya sa wasu yankuna suka fi wasu shan wahala

A shekarar 2022 an sace motoci fiye da 105,000 a ƙasar Kanada, wato kusan mota ɗaya a kowane minti biyar. A 2023 kuɗin diyyar da kamfanonin inshora suka biya kan motocin da aka sace ya kai dalar Kanada biliyan 1.5. Abin bai bar kowa ba, domin hatta motocin gwamnati da ake ba ministan shari'a na ƙasar sai da aka sace su har sau uku cikin shekara uku. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, saboda da yawa daga cikin motocin nan a Afirka ta Yamma suke ƙarewa, har da Najeriya da Ghana.

Sai dai satar ba iri ɗaya ba ce a faɗin ƙasar. Ɓarawon mota a Toronto da ɓarawon mota a Alberta ba abu ɗaya suke nema ba, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba.

Yawan motoci daban, yawan haɗari daban

Kafin a ce wuri kaza ya fi wuri kaza satar mota, sai a tambaya: da wane ma'auni aka auna? Lardin Ontario, inda birnin Toronto yake, shi ne ya fi kowane lardi yawan motocin da ake sacewa. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar a can suke zaune. Amma idan aka lissafa sata nawa ake yi a cikin kowane mutum 100,000, lardunan yamma irin su Alberta da Saskatchewan da Manitoba sun daɗe suna gaban Ontario.

Akwai kuma ma'auni na uku, wanda ya fi tona asirin lamarin: cikin motocin da aka sace, nawa ake ganowa? Ƙungiyar Équité, wadda ke bincike a madadin kamfanonin inshora na Kanada, ta ce a 2023 an gano kashi 77 cikin 100 na motocin da aka sace a yammacin ƙasar. A Ontario kashi 44 kawai aka gano, a Quebec kuwa kashi 37. Tsakanin 2021 da 2023 satar ta ƙaru da kusan kashi 48 a Ontario da kusan kashi 58 a Quebec, alhali a yamma ƙarin bai kai kashi 6 ba. Ma'ana, a yamma mota kan ɓata ta dawo, a Ontario da Quebec kuwa idan ta tafi, galibi ta tafi ke nan.

Ontario da Quebec: sata don fitarwa waje

Babban dalili shi ne tashar jiragen ruwa ta Montreal. Toronto da kewayenta cike suke da sababbin motoci masu tsada, kuma daga nan zuwa Montreal tafiyar awa biyar zuwa shida ce a kan babbar hanya, ga kuma layin dogo da ke ɗaukar kwantena. Kasuwar kaya a gefe ɗaya, ƙofar fita a ɗaya gefen.

Aikin na gungun ɓarayi ne, kowa da nasa ɓangaren. Wani zai zagaya unguwa ya hango motar da ake so. Da tsakar dare wasu samari biyu za su zo. Ɗaya ya tsaya a bakin ƙofar gida riƙe da wata na'ura mai kamo siginar makullin rimot da mai gida ya ajiye a falo, ɗayan kuma ya tsaya kusa da motar da na'ura ta biyu. Motar za ta ɗauka makullinta ne ya iso, sai ta buɗe ta tashi. Wasu kuma su fasa ƙofa, su jona kwamfuta a ramin da makanikai ke jona na'urar duba lafiyar mota, su haɗa wa kansu sabon makulli cikin 'yan mintuna. Daga nan sai a ajiye motar a wani wuri kwana ɗaya ko biyu, a ga ko akwai na'urar bin sawu a jikinta. In ba wanda ya biyo, sai a tura ta cikin kwantena, a rubuta takardun ƙarya, a nufi teku.

Tsakanin Disambar 2023 da Maris na 2024, 'yan sandan Ontario da hukumar kula da iyakokin Kanada sun buɗe kwantenoni a tashar Montreal suka gano motoci 598 na sata. Mafi yawansu daga Ontario aka kwaso su.

Motocin da aka fi ɗauka su ne jif-jif irin su Toyota Highlander da Lexus RX da Honda CR-V. Duk wanda ya san kasuwar mota a Legas ko Kano ko Akra ya san farin jininsu. Sitiyarinsu a hagu yake kamar namu, makanikanmu sun san su, kuma kayan gyaransu ba sa wuya.

Yammacin ƙasar: sata don biyan buƙatar yau

A Alberta da maƙwabtanta teku ya yi nisa, kuma motar da ta fi yawa ita ce a-kori-kura, irin su Ford da Ram da Chevrolet, saboda aikin gona da na haƙar mai. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne marasa kariya mai ƙarfi. Ɓarawo kan ɗauki mota don ya je wani wuri, ko ya aikata wani laifin da ita, ko ya cire kayan jikinta ya sayar ya sayi ƙwaya, sannan ya yar da ita a bakin hanya. Shi ya sa ake yawan gano su.

Sanyi ma yana da hannu. A lokacin hunturu mutane kan tayar da mota su bar ta tana ɗumi da makulli a jiki, su koma cikin gida. 'Yan sandan Alberta duk shekara sai sun fita wayar da kan jama'a a kan wannan ɗabi'a.

Doka da ƙirar mota

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A tsakiyar shekarun 2000 birnin Winnipeg na Manitoba ya yi ƙaurin suna a duk Arewacin Amurka wajen satar mota, kuma yawancin masu yi yara matasa ne. Hukumomi suka sa ido sosai a kan waɗanda suka saba aikata laifin, suka kuma tilasta sanya na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali a motocin da aka fi sacewa. Cikin 'yan shekaru satar ta faɗi ƙasa warwas. Tun daga Satumbar 2007 Kanada ta wajabta wannan na'ura a kowace sabuwar mota.

Amurka ba ta yi irin wannan doka ba. Miliyoyin motocin Kia da Hyundai aka sayar a can babu na'urar, har matasa suka gano ana iya tayar da su da bakin wayar cajin salula, suka yaɗa dabarar a TikTok. A birnin Milwaukee an sace motoci fiye da 10,000 a 2021, kusan biyu bisa ukunsu na waɗannan kamfanoni biyu ne. Irin motocin nan suna nan a Kanada, amma wannan annoba ba ta ƙetara iyaka ba. Bambancin doka ne kawai.

Ana iya shawo kan lamarin

A Fabrairun 2024 gwamnatin Kanada ta kira taron ƙasa kan satar mota a Ottawa, ta ƙara wa hukumar iyakoki kuɗi don binciken kwantenoni, ta kuma haɗa bayanan motocin da aka sace da rumbun bayanan 'yan sandan duniya na Interpol. A wannan shekarar satar ta ragu da kusan kashi 19 cikin 100, kuma Quebec ce ta fi samun sauƙi. A nan Najeriya, a Satumbar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can.

Abin da mai sayen mota ya kamata ya kula da shi

Mafi yawan motocin Kwatano da ke shigowa kasuwanninmu halaliya ne, kuma dillalai masu gaskiya su ne suka fi yawa. Amma gurɓatattu na saje a cikinsu, kuma wanda aka kama motar a hannunsa shi ke asarar kuɗi da mutunci.

Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17. Ku duba ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofa, da takardun kwastam, ku tabbatar duk sun zo ɗaya kuma babu alamar an kankare ko an liƙa wata. Ku sa a binciki tarihin motar ta intanet da wannan lamba, ku kuma tantance ta a wurin 'yan sanda kafin ku biya ko sisi. Sabuwar jif mai makulli ɗaya tak, ko wadda farashinta ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, abar tuhuma ce.

Muddin akwai mai saye ba tare da tambaya ba, ɓarawo ba zai daina ɗauka ba. Addini da doka duka sun hana sayen kayan sata, don haka kada arha ta rufe muku ido. Ku bincika kafin ku saya.