Gardamar Kantin Kwari Da Koyarwar Buda

Kwanakin baya na leƙa shagon wani ƙanena a Kantin Kwari, na tarar da shi da maƙwabtansa sun yi da'ira suna gardama a kan wani ɗan mutum-mutumi da bai fi cikin tafin hannu ba. Wani abokin cinikinsa na birnin Gwanzu a ƙasar Sin ne ya sako masa shi cikin kwalin kyauta tare da ganyen shayi. Siffar wani mai sanƙo ce, da ƙaton tumbi, yana ƙyalƙyala dariya. Ɗaya ya ce gunkin Indiyawa ne, na biyu ya ce ubangijin 'yan Shawolin ne, na uku kuwa ya ce ai wannan shi ne Buda, wanda mabiyansa suka karkashe Musulmi a Bama. Da ƙanen nawa ya hango ni sai ya ce, "Yawwa, ga Yaya Dakta nan, shi zai raba mana gardama." Na yi ta kame-kame, domin duk shekarun da na shafe ina nazarin harsuna, abin da na sani game da addinin Buda bai wuce nasu da komai ba. Kunyar wannan rana ce ta tura ni karatu.

Da farko dai, mai tumbin nan ba shi ne Buda ba. Wani sufi ne ɗan ƙasar Sin mai suna Budai, wanda ake cewa ya rayu wajen ƙarni na 10, mutanen ƙasar suka mayar da siffarsa alamar wadata da fara'a. Tsakaninsa da Buda na asali akwai fiye da shekara 1,000.

Ban ga laifin 'yan kasuwar ba, domin makarantarmu ɗaya. Duk wanda ya tashi a Fagge a shekarun 1980 zuwa 1990 ya san cewa a sinima muka koyi ƙasashen Asiya, ko a Plaza ko a Eldorado ta wajen Sabon Gari, daga baya kuma a gidajen bidiyo. A fim ɗin Indiya mun ga gumaka masu hannuwa da yawa, a na Sin mun ga masu askin ƙwal-kwabo sanye da mayafi ruwan goro suna faɗa da hannu, sai muka haɗa su duka muka zuba a kwando ɗaya. Alhali abin da ke cikin yawancin finafinan Indiya addinin Hindu ne. A ƙidayar Indiya ta 2011 mabiya Buda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, duk da cewa a can addinin ya tsiro. Yawansu yana Siri Lanka da Tailan da Bama da Kambodiya, da Sin da Japan da Biyetnam, da Tibet da Mongoliya, wato har da ƙasashen da 'yan kasuwarmu ke sintiri a cikinsu.

Kalmar Buda laƙabi ce, ba suna ba. Ta fito daga tushen budh na harshen Sanskirit, mai nufin farkawa, saboda haka Buda shi ne wanda ya farka. Sunansa na yanka Sidata Gotama, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nefal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, a gidan sarautar ƙabilar Sakiya. Ruwayar mabiyansa ta ce mahaifinsa ya killace shi cikin daula don kada ya ga abin baƙin ciki, har ranar da ya fita ya yi kiciɓis da tsoho tukuf, sannan majinyaci, sannan gawa, sannan wani mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar gida, ya bar mata da jariri. A nan Bahaushe zai tambaya, wa ya bar wa cefane? Tambayar tana da muhalli, sai dai gidan sarauta ne, kuma ruwayar ta ce daga baya ɗan da matar duk sun bi hanyarsa. Ya yi shekara 6 yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa halaka, ya ga hakan bai kai shi ko'ina ba, ya koma cin abinci. Wannan ne asalin abin da suke kira hanyar tsakiya, tsakanin holewa da azabtar da kai. Yana da shekara 35, a gindin wata bishiya dangin ɓaure a Bod Gaya, suka ce ya farka. Ya yi wa'azinsa na farko ga mutum 5 a Sarnat kusa da Banaras, ya ci gaba da koyarwa shekara 45, ya rasu a Kusinara yana da shekara 80. Bai ce shi Allah ne ba, bai kuma ce wani ya aiko shi ba.

Ginshiƙin koyarwar shi ne abin da ake kira gaskiya huɗu, kuma an jera su ne kamar yadda likita ke duba mara lafiya: ga cuta, ga sanadinta, tana warkewa, ga magani. Cutar ita ce dukka, a harshen Pali da aka adana tsofaffin littattafansu da shi. Masu fassara sun saba cewa wahala, abin da ya sa mutane ke zaton Buda ya ce babu daɗi a duniya sam. Kalmar ta fi haka faɗi. Wasu masana suna danganta ta da ramin ƙafar amalanke da bai zauna daidai a kan sandarsa ba, ana tafiya amma ana tangal-tangal. Ta haɗa ciwo da tsufa da mutuwa, ta haɗa rabuwa da masoyi da zama da maƙiyi, ta kuma haɗa ɗan ɗacin nan da ke biyo bayan samun abin da aka daɗe ana nema. Wanda ya sayi sabuwar mota ya yi mako biyu yana murna, sannan ya ga ta maƙwabcinsa, ya san abin da ake nufi.

Sanadin cutar suna kiransa tanha, wanda ma'anarsa ta zahiri ƙishirwa ce. Da na zo nan sai na ajiye littafin na yi murmushi, domin kakanninmu da ba su taɓa jin sunan Buda ba sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Sai dai tanha ta wuce kwaɗayin nama da naira. Akwai ƙishirwar jin daɗi, akwai ƙishirwar zama wani abu, a kira mutum Farfesa ko Alhaji ko Mai girma, akwai kuma ƙishirwar ɓacewa, wato mutum ya so ya rabu da kansa gaba ɗaya. Gaskiya ta uku ta ce ƙishirwar tana iya yankewa, kuma yankewar ita ce nibbana, wadda aka fi sani da nirbana. Mutane da yawa sun ɗauka wata aljanna ce. A lugga, kalmar tana nufin mutuwar wuta, kamar fitilar aci-balbal da manta ya ƙare. Wutar da ake nufi iri uku ce: haɗama, ƙiyayya da ruɗu. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne kalmar upadana, da suke amfani da ita wajen riƙe abu kam-kam, ita ce kuma kalmar makamashi. Ke nan a harshensu riƙon da mutum ke yi wa duniya shi ne itacen da ke ciyar da wutar.

Maganin hanya ce mai rassa takwas, waɗanda aka saba kasawa gida uku: hikima, kyawun hali, da horar da zuciya ta hanyar natsuwa da lura da abin da ke kai-komo a cikinta. Wannan natsuwa ita ce diyana a Sanskirit, ta shiga Sin ta zama can, ta haye Japan ta zama zen, kamar dai yadda al-ƙadi ya zama alƙali a bakinmu. Gidan ibadar Shawolin na lardin Henan, da muka sani a fim, na wannan reshe ne, kuma zaman natsuwa ne asalin aikinsa, ba naushi ba. Ɓangaren kyawun hali ne zai fi ba ɗan Kwari mamaki. Magana ta gari a wurinsu ita ce barin ƙarya da annamimanci da zagi da surutun banza. Sana'a ta gari kuwa ta hana cinikin makamai da mutane da nama da kayan maye da guba. Mabiyi na gari, ko da ba sufi ba ne, yana ɗaukar alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba alfasha, ba ƙarya, ba maye.

Akwai wani labari nasu da ya tsaya mini a rai. Wata mata ce ɗanta tilo ya mutu, ta ruɗe, ta saɓa gawar tana bi gida-gida neman magani. Aka tura ta wurin Buda. Bai yi mata wa'azi ba, ya ce ta samo masa ƙwayar komayya daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ko'ina ta shiga akwai komayya, amma babu gidan da ba a taɓa fitar da gawa ba. Kafin yamma ta fahimta, ta binne ɗanta. Wannan shi ne anicca, rashin dawwamar kome, abin da mu muke cewa duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

To, kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk tafiyar ɗaya ce. Akwai wuraren da hanya ta rabu, rabuwa mai nisa. Addinin Buda bai ginu a kan Mahalicci ba, babu wahayi, babu ranar hisabi. Kamma, ko karma, tana nufin aikin da aka yi da niyya, kuma sakamakonsa yana bin mai shi, kusan yadda muke cewa alhaki kwikwiyo ne. Amma a wurinsu babu alƙalin da ke yanke hukunci, sakamakon yana fitowa ne kamar tsiro daga iri, kuma yana bin mutum zuwa wata haihuwar bayan wannan, haihuwa bayan haihuwa, har sai wutar ta mutu. Mafi wuyar fahimta ita ce anatta, wato babu wani rai tabbatacce da ba ya canzawa a cikin mutum. Wani tsohon littafinsu ya kawo misali da keken doki, ni kuwa bari in kawo da a-daidaita-sahu. A cire tayoyi, a cire inji, a cire rumfa da kujera, a baje su a ƙasa, ina a-daidaita-sahun? Suna ne kawai da muka ba haɗuwar sassa. Haka suke kallon mutum: jiki da ji da ganewa da ƙudurce-ƙudurce da sani, suna gudana kamar ruwan kogi. A matsayina na Musulmi ban yarda da wannan ba, na yi imani da Mahalicci da rai da tashin ƙiyama. Amma gwamma in ƙi abin da suka faɗa da in ƙi abin da na ƙirƙira na jingina musu.

Wannan kuma ba baƙon abu ba ne a gidan ilminmu. Ibn Nadim ya yi bayanin mabiya Buda a littafinsa Al-Fihrist a ƙarni na 10. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya ware musu wuri a Al-Milal wan-Nihal, ya kawo ɗabi'un da suke koyarwa, har ya ce idan siffar da suke ba Buda gaskiya ce, to ya fi kama da Halliru. Duk wanda ya karanta Dare Dubu Da Ɗaya ya san Ja'afaru, wazirin Haruna Rashid. Zuriyarsa, Baramika, kafin su musulunta su ne masu kula da gidan ibadar Buda na Naubahar a birnin Balkh da ke Afganistan ta yau, kuma masana da dama suna ganin sunan Barmak daga kalmar Sanskirit paramuka ya fito, wato shugaba. Sun riƙe ragamar mulkin Bagadaza har faɗuwarsu a 803. Tarihin Buda kansa ya shiga Larabci da sunan Bilauhar da Budasaf, daga nan ya ratsa harsuna har ya isa Turai, inda Budasaf ya zama Yosafat, Kiristoci suka sa shi cikin waliyyansu ba tare da sanin ko wane ne ba. Ɗigon da ke bambanta ba da ya a rubutun Larabci na cikin abin da ya jawo wannan sauyi. Kalmar but ta Farisanci, mai nufin gunki, ita ma daga sunansa ake danganta ta.

Saura maganar mutum na uku, wadda ta fi sauran nauyi. Abin da aka yi wa Musulmin Rohinja gaskiya ne. Daga watan Agusta na 2017 fiye da mutum 700,000 suka tsere daga jihar Rakhine zuwa Bangaladash saboda farmakin sojojin Bama, kuma akwai sufaye irin su Wiratu da suka shafe shekaru suna hura wutar ƙiyayya ga Musulmi. Babu mai wanke su. Amma alkawarin farko na addinin da suke sanye da mayafinsa shi ne kada a kashe mai rai, kuma ƙiyayya na cikin wutar ukun da aka ce su kashe. Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, ya fito fili a wannan shekarar ya ce da Buda na raye da ya taimaki waɗannan Musulmi. Mu da muka ga abin da ya faru a Kano ranar 20 ga Janairun 2012, muka kuma sha jin zafin yadda duniya ke auna Musulunci da aikin Boko Haram, mun fi kowa sanin ciwon a auna addini da mafi munin masu da'awarsa. Ɗan Sin da ke sayar wa ƙanena yadi, wataƙila ma ba ya bin kowane addini, bai san inda Rakhine take ba.

Bayan mako biyu na koma Kwari na zayyana musu abin da na samo. Suka saurara, ana yi ana katsewa saboda masu sayen atamfa. Mai maganar Bama ya yi shiru, sannan ya ce shi dai batun babu Mahalicci ne ya ɗaure masa kai, na ce ni ma haka. Ƙanena kuwa ya ce ba zai ajiye mutum-mutumi a shagonsa ba, ba kuma zai jefa kyautar mutum a kwata ba. Ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a jakar tafiya, ya ce in ya koma Gwanzu zai mayar wa mai shi, ya yi masa bayanin dalili, ya haɗa masa da hula zanna-bukar. Ganyen shayin dai tuni suka shanye.