Matakalar Sulhu A Wurin Aiki

Kowace shekara in ɗalibanmu sun komo daga aikin gwajin koyarwa, nakan tambaye su abin da ya fi ba su wuya. Da ƙyar ka ji wanda ya ce lissafi ne, ko shirin darasi, ko tsare aji. Galibi abin da suke kawowa shi ne zama da manya. Wannan ya ce hedimasta ya yi masa tsawa gaban yara, wancan ya ce malamin da aka haɗa su aji ɗaya ya ƙi kula shi har mako biyu, wani kuwa ya tarar ɗakin malamai ya rabu gida biyu, kowane gefe yana jansa. Littattafan da kuke karantawa sun cika da yadda za a bi da yara, amma yadda za a bi da abokan aiki sai a gurguje suke taɓa shi. Saboda haka da Edita ya nemi in ba shi wani abu don shafukan Hausa, na ce bari in yi magana a kan wannan. Zan kuwa kafa misalina da Lugbe, don can aka fi tura ni duba ɗalibai.

Ga wanda bai san Lugbe ba, gari ne a bakin babbar hanyar nan da ta tashi daga Ƙofar Birnin Abuja ta nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, watau hanyar da aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa. Asalin wurin na Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwarawa. Da aka yanka ƙasar Babban Birnin Tarayya cikin 1976, gwamnati kuma ta tare cikin 1991, Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina rukunin gidajenta a nan, sai jama'a suka yi ta kwarara, tun ba ƙananan ma'aikata ba waɗanda hayar cikin birni ta fi ƙarfinsu. To, yadda garin yake haka ɗakin malamansa yake. A teburi guda za ka ga Bagware, da Bahaushe, da Bayarabe, da Ibo, da Tibi, da Igala. Duka suna jin Turanci, amma fa kowa da irin tarbiyyar da ya taso da ita wajen magana. Akwai wanda a garinsu in ransa ya ɓaci sai ya faɗa nan take da babbar murya, an wuce wurin ke nan. Mu kuwa an hore mu da kawaici, in an ɓata mana sai mu yi shiru. Hedimastan da ya ɗauki shirun Bahaushe a kan yarda ya yi kuskure, haka kuma wanda ya ɗauki ɗaga muryar wancan a kan raini.

Bari in ba ku labarin abin da na gani a wata makarantar firamare ta wajen, ba sai na faɗi sunanta ba. A can akwai tsarin malamin mako. Wanda makonsa ya zo shi ne zai riga kowa isowa, ya sa a share fili, ya tsai da yara taron safe, kuma shi ne zai zama na ƙarshen tashi bayan ya ga an kulle azuzuwa. Akwai wata malama da ke zaune can wajen Gwagwalada. Duk wanda ya san hanyar nan da safe ya san motocin da ke shiga birni cike suke zuwa, ga cunkoso. In makonta ya zo ba ta isowa sai an gama taro. Akwai kuma wani malami da gidansa ke bayan makarantar, shi ne kullum aikin ke faɗawa kansa, tun da shi ake tararwa. Ya yi kawaici, ya yi kawaici, ran nan ya fashe gaban kowa, ya ce shi ba baran kowa ba ne. Ita kuma ta mayar masa. Kafin mako ya ƙare malamai mata sun bi bayanta, maza sun bi bayansa.

Hedimasta ya fara da takardar neman bahasi. Ta amsa, ta ba da haƙuri, amma takarda ba ta rage motoci a hanya ba, makonta na gaba ta sake makara. Sa'an nan ya ce to, a raba: a cikin makonta ta yi kwana uku, malamin ya taimaka da biyu. Wannan ma bai yi ba, don ita a kwana ukun tana makara, shi kuwa yana ganin an ɗora masa kwana biyu ba gaira ba dalili. Mataimakiyar hedimasta ce, wata dattijuwa, ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowa abin da ke damunsa cikin wannan aikin mako. Ashe shi malamin sammako bai dame shi ba ko kaɗan. Abin da ya tsana shi ne tsayawa kulle azuzuwa, don yana da karatun yamma da yake zuwa. Ita kuwa ba ta ƙi ta kai la'asar a makaranta ba, ta ma fi son ta bari rububin tashi ya wuce. Sai aka ba shi safiyar makonsa da ta makonta, ita aka ba ta tashin duka biyun. Har na gama zuwa makarantar ban sake jin kansu ba.

Wannan abu da dattijuwar nan ta yi da hankalinta, masana sun daɗe da ba shi suna. Akwai wata mata Ba'amurkiya, Mary Parker Follett, wadda aka haifa cikin 1868 ta rasu cikin 1933. A wata lacca da ta yi wa manajojin kamfanoni cikin 1925, ta nuna hanyar kashe rigima uku ce. Ta fari danniya, watau mai ƙarfi ya ci, marar ƙarfi ya haɗiye. Ita ce ta fi sauri, amma wanda aka danne yana nan yana jiran ranarsa. Ta biyu raba-daidai, kowa ya saki rabin abin da yake so, kowa kuma ya tafi da rabin haushinsa. Ta uku ita ce a tone a ga ainihin bukatar kowane, sa'an nan a nemi dabarar da za ta biya su duka. Misalin da ta bayar na taga ne. Tana karatu a wani ƙaramin ɗaki na laburaren Jami'ar Harvard, wani yana son a buɗe taga, ita tana son a rufe. Da suka bincika, ita iskar da ke bugunta kai tsaye ce ba ta so, shi kuwa iska kawai yake son ta shigo ɗakin. Suka buɗe tagar ɗakin da ke kusa, inda ba kowa. Ku duba ku gani, hedimastan can ya gwada ta fari da ta biyu bi da bi, mataimakiyarsa ta zo da ta uku.

Kada dai in yi muku zaƙin baki. Ita kanta Follett ba ta ce kowace rigima ke karɓar hanya ta uku ba. In mutum biyu na neman kujerar mataimakin hedimasta guda ɗaya, lalle ɗaya zai rasa. Amma a ganina yawancin faɗan ɗakin malamai, na tsarin darussa, da rabon azuzuwa, da wa zai kai yara wasa, irin na taga ne. Abin da ke hana a gane haka shi ne ba a tambaya.

Tambayar kuma tana da wurinta da lokacinta, shi ne na kira matakala. A ƙasar Hausa tun dā in maƙwabta sun saɓa, dattawan gida ke fara zama. In ta fi ƙarfinsu sai mai unguwa, daga nan dagaci, sa'an nan hakimi, kafin a kai ga alƙali ko fada. Masu sana'a ma haka, mahauci ba ya kai ɗan'uwansa ƙara sai Sarkin Pawa ya ji, maƙeri sai Sarkin Maƙera. Hikimar ita ce, a matakin ƙasa masu sulhun sun san mutanen, kuma ba wanda ya ji kunya a bainar jama'a tukuna, don haka komawa baya ba wuya. Kowane mataki aka hau, sai shaidu su ƙaru, girman kai ya ƙaru.

Dokar ƙasa ma a kan wannan tsari aka gina ta. Dokar rigingimun ma'aikata ta 1976 ta ce ma'aikata da masu ba su aiki su fara gwada hanyar sasantawa da suka riga suka yarda da ita tsakaninsu. In ba ta yi ba, cikin kwana bakwai su zauna gaban mai shiga tsakani wanda su da kansu suka zaɓa. In ya kasa, a rubuta wa Ministan Ƙwadago, shi kuma ya naɗa mai sulhu, daga nan sai kwamitin yanke hukunci, can ƙarshe Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A makaranta matakalar ta fi gajarta: kai da abokin saɓaninka ku kaɗai, sa'an nan wani babban malami da ku duka kuke jin nauyinsa, sai mataimaki, sai hedimasta, sai kwamitin kula da makaranta wanda iyaye da shugabannin unguwa ke ciki, kafin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma. Sabon malamin da ya tsallake duk wannan ya kai takarda ofis, ko da shi ke da gaskiya, ya sayi zaman doya da manja na shekaru. A nan ne zan ja kunnenku game da dandalin WhatsApp na malaman makaranta. Wurin sanarwa ne, a ce gobe akwai taro ƙarfe kaza. Wanda ya kai ƙorafinsa can ya hau matakin ƙarshe da tsalle ɗaya, don kowa ya gani, kuma rubutu ba ya gogewa daga zukata ko an goge shi daga waya.

Amma fa matakala ba ta amfana kome in abin da aka ƙulla a kanta bai tabbata ba. Malaman Lugbe sun ga wannan da idonsu cikin 2025. Malaman firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya, albashinsu a hannun ƙananan hukumomi shida yake: ta Birni da Kewaye, wadda Lugbe ke cikinta, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. Cikin watan Yuli 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mai da albashi mafi ƙanƙanta Naira 70,000. Aka zauna tsakanin Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa da shugabannin ƙananan hukumomin, aka yi alkawarin biya. Malamai suka yi yajin aiki a Fabrairu 2025, suka janye bisa alkawari, albashi ya zo ba ƙarin. Ran 24 ga Maris suka rufe makarantu gaba ɗaya. Su shugabannin kukansu shi ne kuɗin da ke hannunsu bai isa ba. Aka yi fiye da kwana ɗari a haka, sai a farkon Yuli Ministan Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya tara ɓangarorin, aka yarda a ɗebi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar ƙananan hukumomin na wata shida a rage bashin malamai. Ran 9 ga Yuli aka koma aji.

Ni malami ne, kun san inda zuciyata ta karkata, amma ba shari'ar wannan na zo yi ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, zaman da aka yi a Yuli ba abin da ya hana a yi shi a Maris. Abin da ya tsawaita yajin kuwa har da rashin yarda, don wanda aka yi wa alkawari aka saɓa, in an sake kiransa zama ba ya karɓar magana sai ya ga kuɗi a hannu. 'Ya'yan masu hali an mai da su makarantun kuɗi, waɗanda Lugbe ke cike da su. 'Ya'yan talakawa suka zauna gida, waɗansu suka ɗauki talla a bakin titi.

Abin da ya faru tsakanin ƙungiya da hukuma, shi ke faruwa tsakanin hedimasta da malamansa, sai dai ƙarami. Da yawanku nan da shekara goma ku ne hedimastoci. In ka ce wa malami za ka rage masa darussa zango mai zuwa, to, ka rage, in kuwa ka ga ba zai yiwu ba, ka kira shi ka gaya masa da bakinka tun kafin ya gani a allon sanarwa. In za ka canza tsari, ka kawo shi taron malamai yana ɗanye, lokacin da shawararsu za ta iya juya shi. Mutum ya fi ɗaukar kayan da aka ɗaure da shi yana wurin. Ka sa a riƙa rubuta abin da aka yanke a littafin taro, da sunan wanda zai yi, da ranar da zai gama, a karanta shi a farkon taro na gaba, don rabin gardamar malamai a kan "ba haka aka ce ba" take. Gyaran malami kuwa a ofis ake yinsa, ƙofa a rufe. Yaran da suka ga an ci mutuncin malaminsu da safe ba za su saurare shi da rana ba.

Ku kuma masu fita gwaji bana, ranar da kuka isa, bayan kun gai da hedimasta, ku tambaya wane ne malamin da ya fi daɗewa a makarantar, ku je ku gaishe shi, ku roƙe shi ya nuna muku yadda ake yi a nan. Shi ne matakinku na biyu in wani abu ya taso, kuma ya fi kyau ya san fuskarku tun ba ku zo masa da ƙara ba.