Kafin mu sayi gida a Gaya

Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a ƙasar Nijar, kusan milimita 800 a shekara, ga kuma kogin Kwara a gefenta. Saboda haka kada mu ƙulla cinikin gida da rani. Mu je mu gan shi cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa. Mu dubi gindin katanga: in ya zaizaye, ko ya yi gansakuka, to ruwa yana kwana a wurin. Mu tambayi maƙwabta inda ambaliyar 2020 ta tsaya. Dillali ba zai faɗa ba, shi la'ada yake nema.

Mu auna tsakanin rijiya da salga. In bai kai mita 30 ba, ruwan sha yana iya gurɓata, yara su yi ta zawo.

Sai maganar takarda. Gidan gado ba ya sayuwa sai dukan magada sun yarda a gaban shaidu. A rubuta iyakoki, a rubuta kuɗin, a bayyana sefa ne ko naira, tun da duka biyun suna yawo a kasuwarmu. Mu karanta da kanmu kafin mu sa hannu, sannan a kai ta ma'aikatar magajin gari. In gona ce ko lambu, kwamitin filaye wanda dokar 1993 ta kafa shi ke ba da takardar saye.