Tsutsar cikin da ke ɓoye wa gwaji: Abin da ya kamata 'yan ci-ranin Dakoro su sani

Da zarar an kammala girbin gero, matasan gundumar Dakoro da ke jihar Maradi kan kama hanyar ci-rani. Wasu su nufi Kano da Legas, wasu Kwatano da Abijan, wasu kuma su bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya.

Waɗanda suka gangara kudu, inda ƙasa ke da damshi, na iya dawowa da wata tsutsar ciki da likitoci ke kira Sitironjiloyidis, ba tare da sun sani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 300 zuwa 600 ne ke ɗauke da ita.

Tsutsar kan shiga ta fata idan mutum ya taka ƙasar da bahaya ya gurɓata ba takalmi. Bambancinta da sauran tsutsotsi shi ne tana hayayyafa a jikin mutum, ta sake kama shi daga ciki. Shi ya sa takan yi shekaru gommai ko da mutum ya bar inda ya ɗauko ta.

Me ya sa gwaji ba ya ganin ta?

Da yawa ba sa jin komai. Wasu kan yi fama da ciwon ciki, gudawa mai zuwa tana tafiya, tari ko ƙaiƙayin fata, sai a ɗauka gyambon ciki ne.

'Ya'yan tsutsar kan fito a bahaya kaɗan-kaɗan, kuma ba kullum ba, don haka gwaji ɗaya kan wuce su. Likitoci kan maimaita gwajin a ranaku daban-daban, ko su yi gwajin jini na musamman. Yawaitar wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil ma alama ce.

A 2018 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a riƙa yi wa sababbin baƙin da suka fito daga yankunan cutar wannan gwajin jini.

Inda haɗarin yake

Babban haɗarin na zuwa ne idan garkuwar jiki ta yi rauni, musamman bayan shan magunguna irin su deksametazon, wanda wasu ke saya hannun 'yan talla don ƙiba ko ciwon gaɓɓai. A nan tsutsar kan yaɗu zuwa huhu, ta ja ƙwayoyin cutar hanji zuwa cikin jini, abin da kan kai ga mutuwa.

Maganinta shi ne ibamektin. Albendazol da aka saba raba wa yara ba ya kawar da ita sosai.

Sai dai wanda ya zauna a dazuzzukan Kamaru, Gabon ko kudancin Najeriya kada ya sha ibamektin sai an duba shi, domin yana iya yin mummunar illa ga mai ɗauke da tsutsar ido ta Lowa-lowa da yawa a jini.

Don haka duk ɗan ci-ranin da ya je asibiti, a Dakoro ne ko a Turai, ya lissafa wa likita ƙasashen da ya zauna da aikin da ya yi, musamman kafin a ɗora shi kan maganin da ke rage garkuwar jiki.