Ɗaga marar lafiya ba da ƙarfi kaɗai ake yi ba

A Urno da ƙauyukan da ke kewaye, in mutum ya kwanta ciwo, danginsa ke jinya, mafi yawa mata. Su ke tada shi, su zaunar da shi, su kai shi makewayi. Bayan wata biyu sai a ji mai jinya ita ma tana kukan baya. Gida ɗaya marasa lafiya biyu, ga damina ta ƙarato.

Wannan ciwo ba mutanen ƙauye kaɗai yake kamawa ba. A manyan gidajen likita, kamar na Galmi, akwai masu gashin ƙashi, waɗanda ake ce wa kine. Aikinsu shi ne motsa gaɓoɓin wanda ya karye ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, har ya koma tafiya. Ciwon baya shi ne ya fi damunsu wajen aiki. Don haka ake koya musu dabarar ɗaga mutum.

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33, jere bisa juna. A tsakanin mafi yawansu akwai guringuntsi mai taushi, kamar gammo. In mutum ya sunkuya, ƙafafunsa a miƙe, ya ɗago nauyi, gammon ƙugu ke shan matsi. In ya murɗa jiki da nauyin a hannu, abin ya fi muni. Masu bincike a Amurka sun ce kada mutum ɗaya ya ɗaga abin da ya wuce kilo 23. Buhun siminti kilo 50 ne. Babban mutum ya fi buhun siminti nauyi, kuma shi yana motsi.

Mai gashin ƙashi yakan matso dab da marar lafiya. Ya ware ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe. Cinya ke ɗagawa. In zai juya, sai ya ɗaga ƙafa ya taka. Kafin ya soma, yakan gaya wa marar lafiya abin da za a yi, su ƙidaya tare: 1, 2, 3. Marar lafiya ya taimaka da ɓarinsa mai lafiya. Ba a barinsa ya rataya a wuyan mai ɗagawa.

Hannun da ya shanye kuwa, kada a ja shi. Naman da ke riƙe kafaɗa ya yi sanyi, in aka ja sai ta goce. Mutane da yawa na yin wannan kuskure don tausayi.

Ɗagawa daga tabarma ita ta fi wuya. Gado ya fi, ko a ƙara masa tsawo da tubali. In babu gado, mutum biyu su durƙusa, su shimfiɗa zane mai ƙwari ƙarƙashin marar lafiya, su kama gefe da gefe. Da wannan zane ake juya shi kowace awa 2, don kada kwanciya ta fasa masa fata.

Wanda ya faɗo daga itace ko ya faɗa rijiya, yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi. Mutum huɗu su ɗora shi a miƙe bisa ƙyauren ƙofa, ɗaya na riƙe da kansa. A haka za a sa shi cikin amalanke ko mota zuwa Madawa.