Gidan Amumune: Samari Ke Ɗaukar Kaya, Manya Ke Riƙe da Alƙalami

Gidan Amumune ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na gundumar Mayahi, a jihar Maraɗi. Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sauran shekara kuwa rani ne. Hausawa manoma su ne mafi yawa, sai Filani da Buzaye masu kiwo. Ƙauyukan a warwatse suke, hanyoyin da ke haɗa su na rairayi ne, amalanke da babur su ne abin hawan yau da kullum. Duk ƙauyen da mutum ya shiga, abin da zai fara cika masa ido shi ne yawan yara da samari. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, jihar Maraɗi kuwa tana cikin wuraren da aka fi haihuwa a ƙasar.

Su waɗannan samarin ne ke noman gandu, su ne ke yashe rijiya, su ne ke yin bulon ajin lakwal, su ne ke goya mai naƙuda a babur zuwa likita cikin dare. Amma in an zo wurin da ake yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar da inda za a gina ajin, sai a tarar da su tsaye a bakin rumfa, manya na zaune a kan tabarma.

Yadda aka raba kujeru

Dokokin 2002 ne suka kafa ƙananan hukumomin Nijar, har da Gidan Amumune. An yi zaɓen farko na kansiloli ranar 24 ga Yulin 2004, na biyu a Janairun 2011, na uku ranar 13 ga Disambar 2020. Yankin Mayahi ma ya riga wurare da yawa ɗanɗana wannan tsari, domin tun kafin zaɓen farko wani shirin raya karkara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa ya fara koya wa wakilan ƙauyuka zama tare su zaɓi ayyukan da za a kashe wa kuɗi.

Kafin a rushe majalisun a 2024, bisa doka jama'a ke zaɓen kansiloli, kansiloli kuma su fitar da magajin gari daga cikinsu. Sarakunan gargajiya suna zama a majalisar su ba da shawara, amma ba su da ƙuri'a. Majalisar na zama duk bayan wata uku, ita ke amincewa da kasafin kuɗi da tsarin raya ƙaramar hukuma na shekara biyar. A 2016 gwamnati ta ƙara miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na harkar ilimi da lafiya da ruwan sha da muhalli.

Sai dai a wancan tsarin mutum ba ya tsayawa shi kaɗai da sunansa. Jerin sunaye ake jefa wa ƙuri'a. Su wa ke rubuta jerin? Shugabannin jam'iyya, da alhazan da ke biyan kuɗin yaƙin neman zaɓe, da 'yan asalin yankin da ke aiki a Maraɗi ko Yamai. Saurayi shi ne mai liƙa hotuna, mai tuƙa babur a jerin gwano, mai tsaron akwati har a gama ƙidaya. In ma an sa sunansa, sau da yawa ba ya samun kujera. Mata sun samu dokar da ta ware musu kaso tun 2000: kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Wannan ya sa dole a nemi mace a sa ta cikin jeri, ko ana so ko ba a so. Saurayi kuwa ya dogara ne ga alfarmar mai rubuta jerin.

Yaro a gandu, yaro a majalisa

Tushen abin yana cikin gida. A ƙasar Hausa ba shekaru ne ke raba yaro da babba ba, aure ne da gona da rumbu. Namiji mai shekara talatin da 'ya'ya uku, muddin yana noman gandun mahaifinsa, sai ranakun da aka bar masa yake zuwa 'yar gonarsa, to yaro ne, kuma ba ya ɗaga murya inda maigida ke zaune. Gonaki kuma sai ƙara tsukewa suke yi, domin duk rabon gado yana ƙara yayyanka su. Wanda bai mallaki ƙasa ba, da wuya a saurare shi a kan maganar ƙasa. Ko harajin ƙaramar hukuma, wato lanho, ta hannun maigida yake bi zuwa ga mai gari, ko da kuwa kuɗin ɗansa ne ya turo daga Kano.

Dattawa na da hujjarsu. Suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma a rikicin burtali ko na iyakar gona gaskiya suka faɗa: wanda ya san inda kakanni suka dasa gamba shi ke raba gardama. Amma aikin ƙaramar hukuma ya ƙunshi abubuwan da tsufa kaɗai ba ya koyarwa. Akwai karanta kasafin kuɗi, da duba takardar ɗan kwangila, da lissafin kuɗin famfo, da rubuta takardar haihuwa. Duk da cewa kundin mulkin da hukumomin soja suka fitar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, takardun ofis da Faransanci aka saba rubuta su, masu iya karanta su a ƙauye kuwa galibi samari ne da 'yan mata da suka yi lakwal.

Kalandar cin rani

Akwai kuma wani shinge da ba a cika ambata ba. Da an ɗaure damman gero an kai rumbu, sai ƙauyukan Mayahi su fara yin fayau. Samari sun tafi cin rani: wasu Katsina da Kano da Legas, wasu Agadas, wasu Libiya da Aljeriya, wasu kuma wuraren haƙar zinariya da suka buɗe a arewa tun 2014, irin su Jado. Ba sa dawowa sai hadari ya fara haɗuwa.

To, a daidai waɗannan watannin ne aka saba zaman kasafin kuɗin shekara mai zuwa, a cikinsu ne ƙungiyoyin agaji ke kiran taron ƙauye, domin babu wanda zai tara manoma da damina. Zaɓe biyu daga cikin ukun da aka yi ma, na Janairu da na Disamba, da rani suka faɗo. Ke nan a lokacin da ake raba abin da za a raba, masu ƙarfin garin suna can suna tura baro a wata ƙasa. In sun dawo sai su tarar an riga an kafa kwamiti.

Daga Samariya zuwa fada

Ba yau samari suka fara riƙe ragamar aikin gari ba. Da can kowane ƙauye na da sarkin samari da fadawansa, su ke kiran gayya, su ke shirya kokawa da wasan kalankuwa bayan kaka. Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya ɗauki wannan ƙungiya ta samari, wato Samariya, ya mai da ita ginshiƙin tsarinsa, samari suka gina azuzuwa suka dasa itatuwa. Amma umarni daga sama yake zuwa, shi ya sa bayan babban taron ƙasa na 1991 da zuwan jam'iyyu barkatai, ta yi sanyi. Fada ce ta maye gurbinta: 'yan tsara su zauna a gindin bedi, butar shayi a kan gawayi, ana hira ana adashi. Wata fadar na share kasuwa, wata na tara gudummawar biki, amma 'yan siyasa sun fi tunawa da ita in zaɓe ya matso, su aiko da kuɗin shayi da sukari.

Bayan Afrilun 2024

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin soja ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani sun rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi, sannan a Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. Da majalisa da jerin sunayen duk suka kau.

Abin da bai kau ba shi ne ƙananan kujerun da ke cikin ƙauye: kwamitin kula da makaranta, na famfo, na bankin cimaka, na gidan likita, da kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta share wa hanya, wanda ke shaida sayen gona da jingina da aro. A nan ne ake taɓa kuɗi da hatsi da ƙasa, a nan ne kuma gari ke gane wanda ya iya riƙe amana. Budurwar da ta riƙe littafin bankin cimaka shekara biyu ba tiya ko ɗaya da ta ɓata, ko saurayin da ya tashi gaban jama'a ya karanta abin da famfo ya tara da abin da aka kashe, sun fi wanda aka kai taron bita a Maraɗi aka ba shi riga da hula kusa da shugabanci. Hausawa sun ce yaro da gari abokin tafiyar manya, garin nan kuwa shi ne iya lissafi da faɗin gaskiya.

Abubuwan da za su buɗe wannan ƙofa ba su buƙatar kuɗin waje. A riƙa sabunta kwamitoci da kaka, kafin motocin cin rani su tashi. A ba matasa, maza da mata, muƙamin magatakarda da ma'aji, maimakon a kira su wakilan matasa a ajiye su a gefe. A karanta kasafin kuɗi da Hausa ranar kasuwa, a tura shi ta WhatsApp ga waɗanda ke Kano da Agadas, tunda kuɗinsu na cikin abin da aka tara. Mai gari da kantoma na iya yin waɗannan duka a bana, kuma duk ranar da aka koma ga akwatin zaɓe, Gidan Amumune za ta tarar tana da matasan da jama'a suka riga suka gwada.